Saƙonnin da Na Ajiye Sai Na Iya Karatu

Shekarar da aka gama gadar sama ta Agege na shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fito mini a gemu. Ina sayar da goro kusa da layin dogo. Maƙwabcina a wurin, mai sayar da agogo da tabarau, shi ma ajinmu ɗaya. Ina gabansa a karatu, wannan ko malaminmu zai faɗa.

Bankinmu ɗaya. Da suka ce kowa ya kawo adireshin imel, mai gyaran waya ya buɗe mana rana guda, ya sa mana a wayoyinmu. Daga nan saƙonnin banki suka fara shigowa da Turanci.

A gidanmu, idan wasiƙa ta zo, mahaifina ba ya yage bakinta sai mai karantawa ya zauna. Haka na tashi. Don haka na bar saƙonnina a rufe, na ce sai ranar da zan karanta su da kaina, ba tare da na miƙa wa wani wayata ba. Maƙwabcina kuwa jan ɗigon da ke fitowa a fuskar waya ne ke ba shi haushi. Da ya gani sai ya danna, ya rufe, ya ci gaba da goge tabarau.

"Me suka ce?" nakan tambaye shi.

"Suna gaishe ka, Maigoro," yakan ce.

Ana nan, saƙonnina suka daina zuwa. Na ɗauka banki ne ya gaji da rubutu.

Wata safiya na iske shi ya kafa babbar laima, ga na'urar cire kuɗi a kan tebur. Ashe banki ya aika wa ƙananan 'yan kasuwa gayyata, mai son zama wakili ya zo. Ya danna kamar kullum, ya ga hoton na'urar, ya kai wa malaminmu ya karanta masa. Na yi masa barka. Bakina ne ya yi, cikina bai yi ba.

Na je banki na jira har layi ya zo kaina. Ma'aikaciyar Bayarabiya ce haifaffiyar Agege, Hausarta tsaf.

"Baba, adireshinka mun cire shi daga waɗanda ake aika wa. A wurinmu ya mutu."

"Ga shi nan da ransa," na ce, na nuna mata saƙonnin a jere.

Ta yi mini bayani cewa a cikin kowane saƙo akwai ɗan hoto da ido ba ya gani. Idan an buɗe, shi ke sanar da su. Idan aka daɗe shiru, sai na'ura ta ɗauka babu kowa a gidan.

"To wanda ya buɗe bai karanta ba fa?"

"Wannan ba mu da hanyar sani, Baba. Wata wayar ma ita ke buɗewa da kanta, mai ita yana barci."

Ta mayar da ni cikin jerin waɗanda ake aika wa. Maganar wakilci kuwa, ta ce ba sa ba mutum biyu a bakin titi ɗaya.

Yanzu ina karanta saƙonnina, a hankali, da yatsa. Maƙwabcina kuwa ya bar aji, ya ce aiki ya yi yawa. Masu motocin haya na danfo da 'yan okada suna kiransa oga. Idan takarda ta fito daga na'urarsa da kalmar da ta fi ƙarfinsa, ni yake miƙo wa.

"Malam Maigoro, duba mana nan."

Ina dubawa. Ba ni da abin da zan riƙe shi da shi, bai cuce ni ba, kuma hakan ne ya fi ci mini rai.

Abin da na rasa ke nan: na'ura ɗaya, bakin titi ɗaya, da masu sayen goro biyu da suka koma zama a inuwar laimarsa.