Tafintan da Ya Koya Mana Faɗin Ciwo

Kun sha ganinsa a tashar bas ta Satwa kowace Talata, da jakar takardu a hammata. Kukan gaisa sama-sama ku wuce kasuwar Naif saro kaya. Ba ku tambayarsa inda ya nufa, domin kun sani: gidan yari za shi, wurin 'yan uwanku da kuka daina ambaton sunayensu.

Shekara goma sha huɗu Malam Ɗalhatu yana yi wa fursunoni tafinta daga Hausa zuwa Larabci. A 2018 Zailani, wani ɗan dako mai ciwon suga, ya kai ƙara cewa an bar ƙafarsa tana ruɓewa wata uku a tsare. Alƙali ya buɗe rahoto. Sau huɗu likita ya leƙo daga bakin ƙofa ya tambayi jiki, sau huɗu Zailani ya amsa yadda aka yi masa tarbiyya: "Da sauƙi, alhamdulillahi." Malam Ɗalhatu ne ya fassara yadda ya ji, don ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Kotu ta ce mai ƙara da bakinsa ya shaida samun sauƙi, kuma bai taɓa rubuta koke ga hukumar gidan ba. Aka kori ƙarar. Ƙafar kuwa daga gwiwa aka yanke ta.

Tun daga ranar Malam Ɗalhatu yake riga likita isa wurin mara lafiya.

"Baba Sabo, yaya idon?"

"Da sauƙi."

"Khalas, shi ke nan, mun gaisa. Yanzu faɗa min gaskiya."

"Haba Malam, da furfurata zan zauna ina raki?"

"Rakin nan shi ne shaidarka. Yaushe ya fara? Wa ka gaya wa? Yalla, maza mu rubuta a buga hatimi."

Kai ne, Malam, ka zauna da dattawa har bakinsu ya iya furta "yana min ciwo". Har yau korar yawancin ƙararrakin ake yi, a ce lokaci ya wuce ko takarda ba ta cika ba. Amma Sabo ya fito yana gani da idonsa. Mun gode, Allah Ya saka maka.

Ƙarshen watan nan bizar Malam Ɗalhatu za ta ƙare, zai koma Gumel. Mutum goma sha ɗaya ke jiran likita a gidan yarin, kuma har yanzu ba wanda ya karɓi aikinsa. Kai da ka yi digiri da Larabci, kake cika mu da shi a hira bayan Juma'a, da kai nake. Je ka same shi kafin jirginsa ya tashi, ka karɓi sunayen nan goma sha ɗaya.