Ɗan Farina a Talabijin ɗin Maƙwabciya

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya gifta sai ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka na yi da nawa, kuma har yau ban ga wanda zai zaunar da ni ya ce mini laifi ne ba. Ana yaye shi yayata ta zo ta goya shi ta tafi da shi riƙo, ni ina ɗaka ina tsintar shinkafar da na riga na tsince.

Bai isa shiga makaranta ba muka taso da Malam, maigidana, za mu aikin Hajji. Mun ce mu sauke farali mu koma. Guzuri ya ƙare mana a Sudan, muka zauna tsinkar auduga, da ƙyar muka ƙetaro teku. Bayan Hajji Malam ya samu keken ɗinki a wani shago a Bab Makka, cikin birnin Jidda, muka kama ɗaki biyu a saman wani tsohon gida a unguwar Balad. Tun daga nan kullum komawa sai baɗi.

A ƙasanmu akwai wata Balarabiya, 'yar Jidda gaba da baya, mai jiki, mai dariya, mai son mutane har ya yi yawa. Su kuwa a nan da sunan ɗan fari ake kiran mace, Ummu wane, ta amsa da ƙarfi tana taƙama. Ranar da muka tare ta tsare ni a matakala ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, Ummu wa za mu ce miki?"

Na juya na nuna mata 'yar da ke goye a bayana, wadda na haifa a hanya. Ta ɗauka ita kaɗai gare ni, ni kuma ban gyara mata ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, duk layinmu ba wanda ya san na bar ɗa a gida.

Ƙasarmu ma ba wanda ya san ta. 'Yar siririya ce a bakin teku. In na faɗi sunanta a kasuwa sai a ce, "A cikin Najeriya take?" Daga baya na daina wahalar da bakina, tunda duk Takari ne mu a wurinsu.

A farkon shekarun saba'in, cikin azumi, wani mutumin zangonmu ya zo Umra ya sauka a wajenmu. Bayan an sha ruwa suna zaune da Malam, ni ina bayan labule ina wanke kwanuka, sai na ji ya ce, "Malam, ai yaronku ya zama abin kallo. Gudu yake yi, irin mai dogon zango. Gwamnati ta ɗauke shi, za su je wasan nan da ƙasashen Afirka duka za su haɗu bayan babbar Salla. Namu 'yan kaɗan ne, mota ɗaya ta ishe su har da kayansu."

Na tsaya cik da kwano a hannu, ina jiran Malam ya ja zancen. Sai ya ce, "To. Ya ruwa bana a wajenku?"

Na so in jefo masa ludayi ta saman labule. Amma ubansa ne, shi ma kunyar ta hau kansa, kuma da ni aka gaya wa abin da zan ce ke nan. Baƙon nan ya yi kwanaki a gidanmu. Na tambaye shi yayata, na tambaye shi waɗanda suka rasu, har rijiyar unguwa na tambaya ko tana nan. Ina so in ji ko dogo ne, ko ya yi aure, ko yana cin abinci, amma har baƙon ya ɗaure kayansa ban iya ba.

Da alhazai suka watse aka fara wasan. Malam ya sayo wa rediyo sabon batir, wai don labarun duniya. Rediyon kuwa ba ta san kowa ba sai Masar da Najeriya da Kenya. Tamu ko cikin gaisuwa ba ta fito ba.

Wata rana yana cin tuwo, idonsa a cikin akushi, ya ce, "An ce talabijin na nuna guntun wasan nan bayan magariba. A gahawa na ji, wajen masu shayi."

Na ce, "In ƙaro miya?"

Ya ce a ƙaro.

Shi namiji ne, yana da gahawar da zai zauna ya yi kamar shayi ya kawo shi. Ni ba ni da ko'ina sai falon maƙwabciyata, ga shi ban saba shiga mata ba sai da dalili. Na soya gyaɗa na zuba a faranti na sauka.

"Ahlan, ahlan! Yau wace rana ce?" in ji ta. Ta ture 'ya'yanta ta ba ni wuri, na ƙi, na zauna bakin ƙofa.

Haka na yi ta sauka kullum da faranti. Na ga 'yan dambe, na ga 'yan ƙwallo, na ga ƙartai suna iyo kamar kwaɗi, duk cikin hoto baƙi da fari mai rawa. 'Ya'yanta suna ihu in Masar ta ci, ni ina taya su murmushi. Ita kuwa murna take yi wai a ƙarshe na saki jiki da su. A cikin falon nan cike da mutane na fi jin kaɗaici, fiye da in ina sama ni kaɗai. Ga wani tsoro da ya kama ni: rabona da shi tun yana da kumatu, in ya wuce a gabana yaya zan yi in gane shi? Ba wanda zan tambaya.

Ranar da aka nuna dogon gudun, sun taso a dunƙule, kai ba ya bambanta da kai. Na zura ido har ya yi ruwa ban tsinci kowa ba. Aka yanke, aka nuna ƙarshe. Na farko ya shigo ya ɗaga hannuwa, saura suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, ya wuce ban gan shi ba. Har na kai hannu ga farantina.

Sai hoton ya koma baya. Ashe akwai saura mutum ɗaya a fili, an bar shi da zagaye guda cur, yana ta tahowa. Kansa a karkace gefen hagu, yadda mahaifina yake yi in ya dawo daga gona. Mutanen filin suka miƙe suna tafa masa. Mai magana ya faɗi sunan ƙasarmu a karye, sannan ya faɗi nasa, sunan da ban taɓa ɗora wa harshena ba.

Kaina ya sunkuya da kansa, don ya saba. Sai na ce wa kaina, ke, wa ya san ki a nan? Na ɗago na dube shi sosai, a gaban mutane. Dogo ne. Ya rame, ko haka masu gudu suke, ban sani ba. Bakinsa a buɗe, ƙafafun kamar ba za su kai shi ba.

Yaran suna dariya suna cewa, "Yalla, yalla, ya kunkuru!"

Uwarsu ta daka musu tsawa. "Aib! Ɗan mutane ne."

Ya taka layin ya duƙa ya dafa gwiwoyinsa. Sauran kowa da mai tarbarsa, ana yafa musu tawul, shi ba wanda ya nufo shi. Ina cikin kallon bayansa yana hawa yana sauka aka ɗauke hoton, wani mai kwat ya fito yana karanta labarai.

Maƙwabciyata ta juyo ta ce, "Ya ukhti, ba ƙasarku aka faɗa ba? Kin san shi?"

Na ce, "Ɗan unguwarmu ne."

"Miskin," in ji ta. "Ko ruwa ba wanda ya miƙa masa. Allah ya sa uwarsa ba ta gani ba."

Ban ce amin ba. Na yi mata sai da safe na fito, na hau matakala ina dafa bango. Zuciyata ta karye, kuma ina alfahari da shi, duka biyun a lokaci ɗaya, na rasa wanda zan kai wa ko guda.

Na tarar Malam ya riga ni dawowa daga gahawa, abin da ba ya yi. Yana zaune a kan tabarma, hularsa a gwiwa, rediyo a kashe. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Na kawo tuwo na ajiye a gabansa, na koma gefe na zauna. Tuwon ya huce bai taɓa ba.

Can ya yi gyaran murya ya ce, "Ya ƙarasa dai."

Na ce, "Ya ƙarasa."

Iyakar hirar da muka taɓa yi a kansa ke nan, ni da ubansa.