Lo-Boltej a Cikin Kwali

Har gobe ba zan manta da Alhamis ɗin da muka je Toranke da kwamfuta biyu ba, domin a ranar ce kujerata ta kusa suɓuce mini saboda kalma ɗaya da aka rubuta a jikin kwali. Ku sababbin ma'aikata da kuke jin ana kirana Lo-boltej kuna dariya a ɓoye, yau zan gaya muku inda sunan ya samo asali.

Lokacin ina jami'in tattara bayanai a wani shiri na tallafa wa manoma da iri. Ofishinmu yana Gaya, amma aikinmu ya haɗa har da Ajingi, inda Toranke take. Tsarin shi ne, kafin manomi ya karɓi iri sai an yi masa rajista: suna, mazaɓa, girman gona da abin da yake shukawa, sannan a ɗauki hotonsa da kyamarar kwamfuta. In an dawo ofis sai a tura bayanan. Wanda bai shiga ba har aka rufe, sai baɗi. Shugabanmu, wato kodineta, shi ne Alhaji Garba, mutumin kirki mai son aiki, amma in ya kafe a kan magana ko tarakta ba ta janye shi.

Da aka ce za a sayo laftof guda shida na fita ƙauye, ni aka ba aikin rubuta irin waɗanda suka dace. Na zaɓi marasa nauyi, masu firosesa mai shan wuta kaɗan. Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita take yin duk lissafin. Akwai mai ƙarfi da ake yi don haɗa bidiyo da manyan zane-zane. Wannan tana zuƙar batir, tana zafi, sai da fanka tana hura ta. Akwai kuma wadda aka ƙera ta yi aiki da ƙaramar wuta. Ba ta kai waccan gudu a aiki mai nauyi ba, amma cike fom da ɗaukar hoto ba komai ba ne a wurinta, kuma batirinta yana kai wa yamma. Mu da muke zuwa inda ko turken wuta babu, zaɓin a fili yake. Haka dai na ɗauka.

Ranar da kayan suka iso, Alhaji Garba ya sa aka buɗe kwali ɗaya. Ya ɗauki laftof ɗin ya jinjina ta a tafin hannu kamar mai sayen kankana, na ga fuskarsa ta fara canzawa. Sai ya gyara tabarau ya karanta takardar jikin kwalin. Nan ya yi kicin-kicin.

"Nasiru, me na gani a nan? Lo-boltej?"

"E, ranka ya daɗe, ai shi ne amfaninta."

"Amfaninta? Watan jiya lo-boltej ya ƙona mini firiji da injin jan ruwa. Mu da muke addu'ar Allah ya raba mu da shi, kai kuma ka sa an kawo mana shi a kwali, har guda shida?"

Kun dai san abin da lo-boltej yake nufi a wurinmu: a kawo wuta ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa kamar mai jin yunwa, kowa ya ruga yana zare soket. A nan na yi nawa kuskuren. Maimakon in yi masa bayani da Hausa, sai na ɓarke da Turancin makaranta, ina kiran watt da su harafin U da ke ƙarshen lambar firosesar. Ina magana yana ƙara shan kunu. Kafin a tashi aiki an kawo mini kwiri, wato takardar neman bahasi. A ciki ya ce za a mayar da kwalaye biyar ɗin a rufe, ni kuma a mayar da ni sito in riƙa ƙirga buhuna. Wallahi raina ya ɓaci, kuma na tsorata, don shekara huɗu na yi ina neman kujerar nan.

Hajiya Talatu, malamar gonarmu, ita ta shiga tsakani. Ta ce, "Alhaji, jibi za mu Toranke, kuma ranar ce ta ƙarshe. A tafi da wadda aka buɗe, kai kuma ka ɗauki Giwarka. Wadda ta faɗi, ta faɗi." Giwa ita ce laftof ɗinsa, baƙa, mai kauri, cajarta kaɗai ta kai rabin bulo. Ya amince yana murmushin wanda ya riga ya ci.

Muka tashi daga Gaya da sassafe, a tsakiyar bazara, da ƙaramin janareta a bayan mota. Kafin mu isa, manoma sun cika harabar firamare, maza a gindin darbejiya, mata a inuwar aji. Aka jera mana teburi biyu. Direbanmu ya sauke janareta, ya ja igiya sau ɗaya, igiyar ta biyo shi har ƙasa. Ya ɗaura, ya sake ja, ta sake tsinkewa. Daga nan janareta ya ce shi fa yau hutu yake.

Alhaji Garba ko a jikinsa. Ya ce batirin Giwa cike yake. Ya kunna ta, fankarta ta ɗauki ƙugi, iska mai zafi tana fita ta gefe har tana ɗaga takardu. Wata tsohuwa da ke kan layinsa ta leƙo ta ce, "Alhaji, wannan har markaɗe tana yi ne?" Aka kwashe da dariya, har da shi.

Ni kuwa na rage hasken allo, na kashe wayales tunda babu abin da za ta kama, na rufe duk wata manhaja in ban da ta rajista. Tawa ko tari ba ta yi. Shirun nata ma ya sa mutane suka fi amincewa da layin Alhaji, don a ganinsu injin da ba ya ƙara ba ya aiki.

Gaskiya kuma Giwa ta fi tawa saurin buɗe hoto, kuma Alhaji bai bar ni na manta ba. Duk wanda ya gama da shi sai ya waiwayo ya ce, "Nasiru, kana nan dai?"

Wajen sha ɗaya da rabi na ji ƙugin ya tsaya ɗif. Na ɗaga kai na ga Alhaji yana danna maɓalli, yana jijjiga ta, yana hura mata iska da baki. Giwa ta ce ga garinku nan. Layinsa gaba ɗaya ya juyo ya haɗe da nawa, ya miƙe har bakin rijiya. Na duba kusurwar allo, saura kashi sittin da ɗoriya. Maimakon in yi murna sai gabana ya faɗi, domin yanzu irin shukar mutanen nan duka da kujerata sun rataya a kan ɗan batirin nan.

Muka raba aiki. Hajiya Talatu tana tambayar mutane tun suna kan layi tana rubutawa a takarda, ni ina shigarwa, kada a ɓata ko minti ɗaya allo yana kunne a banza. Da za mu yi azahar na rufe murfin ta yi barci. Muka dawo, kashi ɗaya kawai ta ci. Alhaji ya jawo benci ya zauna kusa da ni. Can sai na ga ya ɗora bayan hannunsa a ƙasan laftof ɗin, kamar mai duba zazzaɓi.

"Ba ta zafi," ya ce a hankali.

Wannan karon na yi hankali. Na ce, "Ranka ya daɗe, lo ɗin gida, wutar ce ba ta isa ba, kayan suna nema suna rasawa, shi ya sa suke ƙonewa. Wannan kuwa ita ce ba ta da ci. Kaɗan take buƙata ta ƙoshi."

Ya janye hannunsa ya ce, "To me ya hana ka faɗa mini haka tun shekaranjiya?"

Bayan la'asar layi ya ƙare, saura kashi bakwai, alamar batir ta yi ja. Ina shirin rufewa sai ga wani dattijo, Baffa Jauro, ya taho da sandarsa yana haki. Daga wajen shanu yake, ya ce sai da rana ta karkata labari ya same shi. Na dubi allon na dubi Alhaji.

"Tashi," in ji Alhaji. "Ni zan yi masa."

Ya zauna a kujerata yana dannawa da yatsa biyu, ni ina tsaye ina kallon alamar batir, don Baffa sai da ya gaida kowa, ya gyara rawani sau biyu kafin ya yarda a ɗauki hoton. Aka adana, saura kashi huɗu. Baffa ya leƙa ya ga fuskarsa, ya tambayi wane mai ake zuba wa abin. Alhaji Garba, da bakinsa, ya ce, "Baffa, ai wannan lo-boltej ce. Ba ta da ci." Hajiya Talatu ta juya baya tana dariya har da hawaye.

A mota ya karɓi kwirin daga hannuna, ya ninke shi, ya yi fifita da shi har Gaya. Washegari aka buɗe kwalaye biyar ɗin, ni kuma sunan ya manne mini.

Abin da na koya shi ne, sanin na'ura rabin aikinmu ne kawai. Mutumin da ke gabanka yana da abin da kalma ta taɓa yi masa, kuma Alhaji bai yi wauta ba, firijinsa ne ya ƙone. In ba ka iya faɗin abu da harshen da ake cefane da shi ba, kada ka ga laifin wanda ya ƙi sa hannu.

Bara, bayan ya yi ritaya, ya kira ni a waya. 'Yarsa ta samu jami'a, tana son laftof. Na fara tambayarsa irin karatun da za ta yi, ya katse ni.

"Kai dai kada ka cika ni da Turanci. Ka samo mata mai lo ɗin nan."