Baba Uwaisu Magini da Ɗakin Alice

Da damina, in an idar da sallar asuba a Goronyo, Baba Uwaisu magini ba ya komawa gida kai tsaye. Sai ya bi lungu a hankali, hannu ɗaya a baya, ɗayan yana shafa bangayen mutane. A lokacin raɓa ba ta tashi daga shinkafar fadama ba, farin tururi yana kwance kan gulbi, garin bai gama farkawa ba. Shi ma tafiyar tasa ta mai mafarki ce. Yakan tsuguna gindin katanga ya ɗebi ƙasa ya sansana, ya ɗaga kai ya dubi inda indararo ke zubar da ruwan rufi, ya wuce. Baƙo sai ya ɗauka tsohon ya yar da wani abu ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan zagaye, ba wanda ya sa shi.

Bana ya ce gwiwa ta ƙi, ya ajiye aiki. Kafin a manta, ga abin da ya yi wa Alice.

Alice ma'aikaciyar lafiya ce daga Zuru, aiki ya kawo ta tare da 'yarta tilo, Tina, mai shekara shida. Ta kama ɗaki kusa da fadama a gidan Alhaji Bilyaminu. Ɗaki ne na ƙasa, amma Alhaji ya shafe shi da siminti ciki da waje, ya toshe 'yar tagar saboda sauro. Haka muke yi a nan, duk wanda ya samu hali sai ya lulluɓe ginin kakansa da siminti, ya ce ya waye. Ruwa na sauka sai Tina ta soma tari, ƙirjinta yana fito. Uwar da ke bai wa rabin gari magani ta rasa na 'yarta. Daga ƙarshe ta yanke shawarar mai da yarinyar Zuru wurin kaka, ta ma yi magana da direba ya zo nan da mako uku. Tana ninke kayan Tina tana kuka, don ba su taɓa kwana ɗaya a rabe ba.

Wata safiya Baba Uwaisu ya tsaya bayan ɗakin, ya daɗe, sannan ya zagayo ya yi sallama. Ya ɗaga tabarma, ƙarƙashinta ya yi baƙi da fumfuna. Ya ƙwanƙwasa bango, sai ya amsa kamar ƙwarya.

"Me ka gani, Baba?" in ji Alice.

"Ɗiyata, ciwon ga ba ga yarinya shike ba. Ga ɗakin ga shike."

Alhaji da ya ji za a kankare masa siminti ya zo ko hula babu. "Uwaisu, mi kaka hwaɗi? Aikin da niy yi bara za ka wargaje min?"

"Alhaji, bangon ƙasa shan ruwa shikai, in rana ta hito shi hidda shi. Kun rufe mai baki ciki da waje. Ina ruwan za shi? Ga yarinya shika komawa."

Alhaji ya dubi Tina tana jan numfashi da ƙyar a bakin ƙofa. Sai ya ce a fasa.

Da aka fasa simintin, ƙasar da ke baya jagab take, ɗan yatsa yana nutsewa. Baba ya buɗe taga a sama ya sa mata raga, ya haƙa wa ruwan indararo hanya nesa da gindin gini, ya ɗaga ƙasan ɗakin da tsakuwa. Daga nan ya ce a bar shi ya sha iska, ya kai Alice da Tina gidansa. Matarsa Habi ta gayyato mata suka yi wa ɗakin Alice daɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana danshi ratsowa. Yini guda unguwa na jin bugun daɓe da waƙarsu, ƙamshin makuba ya cika lungu.

Kai ne, Baba Uwaisu, wanda ba ya iya wuce jiƙaƙƙen bango ya yi shiru. Kai ne ka san inda ruwa ke kwana a kowane gida na garin nan. Ba ka san sunan cutar ba, ba ka taɓa riƙe allura ba, amma ɗakuna nawa ka busar, jarirai nawa suka yi barci lafiya saboda kai? Wallahi muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu ce maka sannu ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma maginan yanzu, yana nan zaune ƙofar gida, ku je ku tambaye shi tun yana iya amsawa.

Ranar da direba ya zo, Tina tana tsere da yaran unguwa, ba tari ba tsayawa. Alice ta ba shi tafarnuwa ya kai wa kaka, ta ce a gaishe ta. Yau Tina tana aji uku a nan Goronyo, in uwarta ta kira ta, sai ka ji ta amsa daga nesa: "Mi aka, Mama?"