Ranar da Na Ce Ya Sha

Tsufa ya fara kwashe min abubuwa, har sunayen jikoki nakan haɗa, amma abin da ya faru a hanyar Mina shekarun baya, wannan kam da shi za a binne ni.

Ɗan ƙanwata ne. Bayan uwarsa ta rasu a Kano ya zo Makka da iƙama, wato takardar izinin zama, yana tuƙi a wani kamfanin kayan gini, yana zaune wurina a unguwar Shisha. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna gida. Ni mace ce mai sa ido, ban taɓa musun haka ba. Wanda ya makara sallar asuba, wanda ya canza abokai, duk ina gani. A watannin nan na ga ya rame, ba ya rabuwa da gorar ruwa, ga zaryar banɗaki ba iyaka. Har kiyashi nake tararwa sun yi layi a bakin masai idan ya fito, in wanke, in yi masa faɗan ƙazanta. A raina na riga na yanke cewa ya faɗa hannun abokan banza.

Watan Safar ne, alhazai sun watse. Bayan azahar ya ɗauke ni zuwa dubiya, ya ce mu bi ta gefen Mina, babu cunkoso. Wanda bai ga Mina ba a lokacin da ba na Hajji ba, ba zai gane ba. Farin tantuna iya ganinka, jere kamar an shimfiɗa likkafani, kuma babu mutum ko ɗaya. Ko tsuntsu ban ji ba. Wani ƙyallen ƙofar tanti ne kawai ke ɗagawa yana sauka, alhali iska ba ta motsi.

Sai ya rage gudu.

"Inna, bari su wuce."

"Su wa?"

"Masu harami mana. Ba ki ga sun cika titi ba?"

Na duba. Kwalta ce tana tururi. Motar ta fara tangaɗi, dama, hagu. Ya juyo ya dube ni da wani irin ido, ya ce a hankali, "Yaya, ƙishi nake ji." Bai taɓa kira na Yaya ba. Uwarsa ce ke kira na haka, kuma maganar da ta yi min ke nan ta ƙarshe a waya.

A nan motar 'yan sandan hanya ta tsayar da mu. Askarin ya leƙo, ya ja baya yana taɓe baki. Ni ma na ji warin: kamar dabinon da ya ruɓe a leda. Ya fito da shi, ya nuna masa farin layin bakin titi, ya ce ya taka a kai, ƙafa gaban ƙafa. Taku uku ya yi, ya saki layin, ya nufi tantunan yana ɗaga hannu yana sallama. Aka dawo da shi. Aka ce ya rufe ido ya taɓa hancinsa, yatsan ya sauka a kunne.

Askarin ya zo wajena ya ce, "Ya Hajja, shirib?"

Larabcina na kasuwa ne, amma na san shirib shi ne sha. Na ce, "Aiwa, shirib. Katir. Tun safe." Wato e, ya sha, da yawa ma. Ruwa yake ta ɗurawa tun safe, gora huɗu a gabana. Sai dai ba zan yi wa kaina ƙarya ba: warin nan ya tabbatar min da zargina, kuma a fusace na faɗa. A ofishinsu suka rubuta, na dangwala yatsa a takardar da ban san me ke cikinta ba.

Nan ɗan nawa ya yanke jiki ya faɗi, aka kai shi asibiti da askari a bakin ƙofa. Sai a lokacin maƙwabta suka fahimtar da ni abin da na jawo: a ƙasar nan maye a kan sitiyari ɗauri ne, ga bulala, sannan a soke iƙama a mayar da mutum gida da wannan suna a goshi. Gwajin jini bai nuna giya ba, amma ba a sake shi ba. Aka ce wadda ta riƙe shi kamar uwa ta shaida ya sha da yawa, to in ba giya ba ce, me ya sha?

Wata maƙwabciya ta haɗa ni da lauya, haifaffen unguwar Jarwal a nan Makka, jikan Sakkwatawa, Hausarsa rabi Larabci. Ya karanta takardar, ya ɗago.

"Hajiya, kin ce ya sha. Ya sha esh?"

"Ruwa mana."

"Moya? An tambaye ki mi ya sha?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Ya ce in faɗa masa duk abin da na lura da shi. Wannan kuwa sana'ata ce. Na jero masa rama, ƙishi, zaryar banɗaki. Da na zo kan kiyashi sai ya ajiye biro.

"Kiyashi zaƙi suke bi, Hajiya. Kin gani, kuma ba ki kai shi likita ba?"

Ya karɓo bayanin likita: ciwon suga ne ya hau har ya juya masa kai, shi ya kawo warin, shi ya hana shi taka layi. Ya kai ni gaban mai bincike da tafinta. Na ce a rubuta ruwa, a karanta min, sannan na sake dangwala yatsa. Kwana tara aka yi kafin askarin ya tashi daga ƙofar.

Na tambayi ɗan nawa daga baya me ya gani a Mina. Ya ce bai tuna komai ba, sai dai uwarsa ta miƙo masa ruwa a kofin silba ta tagar mota. Ban sake bin hanyar nan ba sai a cikin taron Hajji.

Yanzu idan ya zo gaishe ni yakan ce, "Inna, yau fa na sha." In ce, "Ka sha me, ɗan nema?" Ya yi dariya ya nuna min maganinsa. Ni ba na dariyar sosai. Duk alamun ciwon nan a idona suka wuce, ban rasa ko ɗaya ba, amma laifi nake nema, shi ya sa laifi na gani. Tun ranar, in na ga mutum yana tangaɗi, kafin in buɗe baki sai na tambaya ko lafiya.