Daminar da ban je noma ba

A gidanmu kowa maƙeri ne. Baba da kakana da ƙannen Baba duk a gindin zuga-zugi suka tashi, a wani ƙauye kusa da Bande. Ni ma a nan na koyi riƙon awartaki tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Yayana ya fi ni hannu, ya kuma fi ni jure hayaƙi, shi ya sa da na ce zan tafi Magaria koyon walda ba wanda ya ji tsoron maƙera za ta mutu. Baba bai hana ni ba. Ya dai ce ƙarfen da aka liƙa da wutar kuran, wato lantarki, ba zai taɓa kai wanda aka gasa aka buga ba, amma in je in gani da idona. Sharaɗi guda ya gindaya mini, cewa kowace damina in dawo noma.

Shekara takwas ina riƙe da wannan sharaɗi. Da ruwan shuka ya sauka sai in rufe shago in hau moto, ɗan babur ɗina, in lokacin noman fari da maimai ya yi in sake komawa.

Farkon zuwana Magaria ban so garin ba. Ranar da na fara sayen hatsi a kasuwa sai da na duba hagu da dama, don ban taɓa ganin wani ɗan gidanmu ya tsaya gaban mai awo ba, mu da rumbu uku a bayan gida. A unguwa ɗan Bande suke kirana. In na je ƙauye kuma sai a ce ga mutanen birni sun iso, a ɗauko mini kujera alhali kowa yana kan tabarma. Duka biyun suna sosa mini rai, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Matata, wadda ƴar ƙauyenmu ce, ta riga ni sabawa. Cikin wata uku ta san gidan da ake haihuwa da gidan da ake rashi, ni kuwa daga shago sai masallaci. Ko bayan na sayi filin parsal a gefen gari na gina ɗaki biyu, in na ce gida, ƙauye nake nufi. Wannan da nake kwana a ciki kuwa, masauki nake ce masa, matata tana yi mini dariya.

A damina ta tara, ana gobe zan tafi maimai, aka yi wani ruwa ranar Juma'a tun daga saukowa masallaci har bayan la'asar. Unguwarmu a gangare take. Ruwan da ya taho daga sama ya bi ta lungun da ke tsakiyarmu, ya haƙa rami mai zurfin da zai shanye mutum har ƙirji, ya kayar da katangar gida uku. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma unguwa ta rabu biyu. Famfo da masallaci suna wancan gefe, mu muna wannan gefe, amalanke kuma ba ta da hanyar shiga.

Washegari da hantsi aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Jakata tana ɗaure a bayan moto, na ce bari in tsaya in ji abin da za a yanke kafin in kama hanya. Magina biyu suka ce za su ɗaure bakin ramin da dutse da siminti ya zama magudanar ruwa, amma sai an sami ƙarfen da za a shimfiɗa a kai. Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci, kuma katangarsa tana cikin waɗanda suka faɗi. Shi ne ya juyo ya dube ni a gaban jama'a.

"Ai muna da namu mai ƙarfe," in ji shi. "Me za mu je nema a wata unguwa?"

Kalmar namu ɗin nan ce ta kama ni. Kafin in yi tunanin gonar Baba, bakina ya riga ya amsa.

Na buga wa Yaya waya na gaya masa. Ya ce ciyawa ba ta jiran kowa, kuma shi ba zai kai wa Baba wannan magana ba, in zo in faɗa da bakina. Baba ba ya riƙe waya. Na ce zan zo jibi, jibi ta wuce ban je ba. Gaskiya tsoro ne ya hana ni, ba aiki kaɗai ba.

Mutane suka yi ta kawo abin da suke da shi. Wata tsohuwa ta aiko da ƙarfen gadonta na aure, wani ya kawo gindin tsohuwar amalanke, wani mai gareji ya ba mu dogon ƙashin bayan babbar mota da ta mutu. Na jawo waya daga shagona zuwa bakin ramin. In an kawo kuran in yi walda, in an ɗauke in yi awo da yanka. Mata suna aiko da fura da ɗanwake, har na rasa sanin kwanon wane gida nake ci. A cikin kwanakin nan na san sunayen mutane fiye da waɗanda na sani a shekara takwas.

Ranar kasuwar Magaria, ina durƙushe da tabarau a fuska, ƴata ta zo ta ce ga Kaka a ƙofar gida. Na tarar da Baba ya sauko daga bayan kabu-kabu, yana kakkaɓe riga. Bai taɓa taka gidana ba sai ranar. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, matata ta kawo ruwa ya ajiye bai sha ba. Ina neman ta inda zan fara bayani sai ga Mushe ya shigo da sallama. Ya zauna kusa da Baba ya kwashe labarin duka ya gaya masa, har da abin da ban yi ba ya ƙara mini. Baba ya saurara, ya ɗauki ruwan ya sha, ya ce a kai shi ya gani.

A bakin ramin ya tsuguna, ya bi layin waldar da babban yatsansa, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa nan da can yana kasa kunne. Jama'a sun taru, ni kuwa ina tsaye ina jiran hukuncinsa kamar ranar da na fara ƙera lauje.

"Tsakiyar ta yi," ya ce. "Amma kusurwoyin nan, in shanu suka hau da amalanke cike da damman hatsi, za su buɗe. Samo mini gawayi."

Aka haƙa ɗan rami a ƙasa, aka aro abin hura wuta wurin masu narka tukwane, wani guntun ƙarfen mota ya zama uwar maƙera. Baba ya tuɓe babbar riga ya riƙe awartaki, ni na ɗauki masaba ina bugu inda ya nuna. Ya lanƙwasa maɗaurai huɗu masu kauri, ya ce in liƙa su da wutar tawa. Ƴan unguwa da yawa ba su taɓa ganin ƙira ba, suka tsaya suna kallon dattijon yana juya ƙarfen da ya yi jajir kamar tuwo. Na ji wani yana gaya wa na kusa da shi cewa ashe gado ne, shi ya sa. Ban taɓa jin daɗin zama ɗan maƙera kamar wannan yini ba.

Kwana uku ya yi. A gabansa amalanken farko ta haye, ɗauke da tubali zuwa gidan Mushe, ƙarfen ko motsi bai yi ba. Da na raka shi tasha na tattaro ƙarfin hali na tambaye shi gona. Ya ce Yaya ya kira gayya, an yi abin da aka iya. Sai da mai moto ya tayar sannan ya ce:

"Na ga mutanen nan sun riƙe ka. Kai ma ka riƙe su. Nan ne wurinka yanzu."

Na dawo a ƙafa ina jin abu biyu a ƙirjina. Ya yaba mini, abin da ba ya yi, amma kuma ji na yi kamar ya sallame ni.

Gonar ba ta yafe mini ba. Gefen da aka makara wajen maimai ya ba da hatsi kaɗan, Yaya kuma bai ɓoye mini ba, muka yi watanni gaisuwarmu a bushe. Har yanzu ina zuwa noma, sai dai kwana biyu ko uku, kuma in na kwana a ɗakin da aka haife ni sai in tsinci kaina ina tunanin ko an rufe shago da kyau. Ƴaƴana in aka tambaye su, kai tsaye suke cewa su ƴan Magaria ne. Nakan buɗe baki in gyara musu, sai in fasa.

Baba ya daina ƙira, ido ya yi rauni. Amma duk wanda zai zo kasuwa daga ƙauyenmu, yakan ce masa ya sauka a gidan ɗansa na Magaria. Saboda haka ranar kasuwa ƙofata cike take da jakuna da shanun amalanke, matata tana ɗora babbar tukunya tun da safe. Maƙwabta sun yi ƙorafin kashin dabbobi na ɗan lokaci, daga baya Mushe ya fara aikowa a kwashe masa don lambunsa na bayan gida, yanzu kuma har rige-rige ake yi.