Gunkin Tangaran a Gidan Tajirin Riɗi

Ni ba mai son surutu ba ce, amma wannan wallahi a gabana aka yi shi, a Gadarif ta ƙasar Sudan, lokacin ina aiki gidan wani tajiri mai sayar wa mutanen Japan riɗi. Daga wurinsu ya ɗauko jarabar tara gumakan tangaran na dā, na masu addinin Buda, ya jera su a dolab, wato kabad ɗin gilashi, kullum yana juya gindinsu yana duba hatimi, wai ta nan ake gane tsufa da daraja. Na ce masa, "Ya Haj, wannan ba kayan gidan Musulmi ba ne." Ya ce, "Ado ne, Hajja, ke dai goge ƙura."

Da lokacin kaka ya yi, uwar jikata ta tafi yankan dawa gonakin Gadambaliya, ta bar min yarinyar, Zainabu, ko yaye ba a daɗe da yi mata ba, sai nake zuwa aiki da ita.

A cikin gumakan akwai wani ƙarami, kai a aske, fuska kamar ta jariri, da jan ƙyalle a wuya. Ran nan da azahar na tarar da ita zaune gabansa tana miƙa masa kisra, gurasarmu ta dawa.

Na ce, "Ke! Tashi nan!"

Ta ce, "Habboba, kakata, ba shi nake ba ba, Sani nake ba. Ga shi gunkin ya riƙe masa hannu."

Innalillahi! Sani wanta ne, ya rasu tun ba a haife ta ba, kuma a gidanmu ba mai ambatar sunansa saboda uwar. Na riƙe ta na ce wa ya gaya mata sunan. Ta ce, "Gunkin ya ce ɗaya hannunsa babu kowa, in zo."

Jama'a, jikinta zafi rau. Na goya ta na sami maigidan na ce ya fitar da abin yau. Ya ce a'a, mai kimanta kuɗin gumakan na zuwa daga Hartum, kuma a cewar waɗanda suka ba shi, gunkin mai tsaron yaran da suka mutu ne, ba ya cutarwa.

Na ce, "Waɗanda suka mutu? Halas, shi ke nan. Tawa da ranta."

Ko takalmina ban koma ɗauka ba, sai garin Basunda wurin ƙanena. Zainabu ta yi jinya, Allah ya tashe ta, yanzu har ta aurar da 'ya. Na tambaye ta tun tana budurwa, ta ce ba ta tuna komai.

Ku dai, abin da ba ku san don me aka ƙera shi ba, kada ku bar yaro ya zauna gabansa shi kaɗai.